Daminar da Muka Kai Butar Kaka Teku

Ruwan farko na bana ya sauka a Farcha, unguwarmu a Injamena, ranar wata Talata bayan la'asar, ina tsakar gidan mahaifina. Na zo gaishe shi ne daga unguwar Milezi, inda nake zaune da iyalina, sai hadari ya taso daga gabas ya tare ni. Iska ta fara kwasar ledoji tana liƙa su a katanga, aka yi wannan ɗan shirun da kowa a garin nan ya san ma'anarsa, sannan ruwa ya goce. Da ya tsagaita na isa gindin lemun tsamin da ke tsakiyar gidan, na tsinki ganye ɗaya, na murza a tafin hannu, na kai hanci. Ƙamshin ya mai da ni wani ɗaki mai taga ɗaya a bakin teku, cikin ƙasar Kamaru, a damina ta biyu ta annobar korona, inda na kwana goma ina tambayar kaina ko na kawo mahaifina ya ga teku ne, ko kuwa na kawo shi ya mutu a bakinsa.

Wannan lemun shi ne bishiya ta farko da aka taɓa bari ta tsaya a gidanmu, gidan da ya haura shekara tamanin a hannunmu. Dalilin yana wurin kakanmu, Malam Ilyasu, mahauci daga ƙasar Haɗeja, wanda ya fito da ƙafa shi da matarsa da niyyar Makka. Damina ta riske su a nan, lokacin ana kiran garin Fort Lami. Ya ce zai yi damina ɗaya, ya sayar da nama, ya ƙara guzuri, ya wuce. A cikin daminar aka haifi Baba. Kaka ya ƙara shekara arba'in a Farcha, kowace shekara yana cewa baɗi, har aka kai shi makwancinsa. Abu biyu ya bar mana. Na farko butar tagulla ce da ke rataye a ƙusa cikin ɗakin Baba. Kaka ya yi alkawari ba zai yi alwala da ita ba sai a bakin Bahar Maliya, ranar da zai shiga jirgin Jidda. Na biyu ƙa'ida ce: matafiyi ba ya shuka bishiya, domin bishiya tana riƙe ƙafar wanda ya shuka ta.

Na fara sanin nauyin wannan ƙa'ida a shekarar babban fari, ina ɗan shekara tara. Shanu suna isowa mayankar Farcha ana hango haƙarƙarinsu tun daga nesa, nama ya yi arha har ya rasa mai saye, hatsi kuwa ya ɓace. Muna cin tuwon jar dawar taimako sau ɗaya a yini. Yunwar ta dushe a raina, amma zafin tsakar gidanmu bai dushe ba, domin ba shi da inuwa ko ta tafin hannu daga hantsi har la'asar. Malaminmu ya raba mana dashen darbejiya, na kawo nawa na binne kusa da randa, ina rage masa daga ruwan da ake ba ni na wanke fuska. Kwana uku ya yi. Baba ya tono shi a hankali da wuƙar fiɗa, da ƙasarsa da saiwarsa, ya kai wa maƙwabcinmu. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce mu ba mazauna ba ne, kada in saba. Darbejiyar tana nan har yau a gidan maƙwabci, mutum ɗaya ba ya iya rungumar ta.

A shekarar da annobar ta zo ne Allah ya nufa sunan Baba ya shiga cikin maniyyata, yana da shekara tamanin. Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara. An rufe masallatai, an kafa dokar hana fita, an rufe gadar Kusiri, mai haɗa mu da Kamaru, wadda rabin abin da muke ci ta kanta yake shigowa. Shanu sun daina ƙetarawa Nijeriya, dillalai suna zaune a zango suna korar ƙuda. Yaya Balaraba, babbar yayata, wadda ta dawo gidan bayan rasuwar mijinta, ita ke riƙe da Baba. Tun da safe za ta jiƙa gero don kunun buɗa baki. Da hantsi ta jiƙa buhu ta rataye a ƙofar ɗakinsa, ta yayyafa wa tabarmarsa ruwa, kafin azahar duka sun bushe kamar ba a taɓa su ba. Da la'asar nakan ɗauko ƙanƙara daga Milezi a kan babur, naɗe cikin buhu, in iso da rabinta. Mu ukun muke sallah a tsakar gida, ƙasa tana mayar mana da zafin yini a goshi. Duk da haka Baba bai karaya ba. Kullum bayan sallar asuba yana zagaya tsakar gidan sau bakwai, wai yana koya wa gwiwoyinsa ɗawafi.

Da labari ya zo cewa ba za a karɓi mahajjata daga waje ba, ya ce baɗi, da muryar da na san ta Kaka ce. Baɗin ta zo, aka maimaita maganar. Wannan karon bai ce baɗi ba. Ya daina zagayen asuba. Ya daina tambayar farashin shanu. Tuwo yana komawa madafi yadda ya fito. Wata safiya na tarar ya sauke butar daga ƙusa, ya goge ta da toka, ya miƙa wa Yaya ya ce ta adana wa na baya. A ranar na tsorata.

Ni malamin labarin ƙasa ne a lise, wato makarantar sakandare. Na yi shekara ashirin ina zana tekuna a allo da shuɗin alli, ina faɗa wa ɗalibai zurfinsu da sunayensu, ban taɓa ganin ko ɗaya ba. Dogon hutu ya zo, filin jirgi a buɗe yake ga mai takardar gwaji, sai tunanin ya zo mini: ba zan iya kai shi Makka ba, amma zan iya kai shi bakin teku. Na zaɓi Kiribi, wani ƙaramin gari kudu da Duwala, saboda ba shi da cunkoso. Har yau ban iya rarrabe nawa ne na tausayin Baba a cikin wannan shawara ba, nawa ne kuma na marmarin kaina.

Yaya ta saurare ni har na gama, tana tsince shinkafa.

"Habu, kai da karatunka," ta ce, "tsohon da ko kasuwa mun hana shi zuwa, shi za ka ɗora a jirgi?"

Na ce mata yana ƙarewa a nan ma, a hankali ne kawai.

"A nan in ya ƙare, a hannuna ne. In ya ƙare a can, a gaban wa za ka tsaya ka faɗa?"

Baba ne ya raba gardamar daga cikin ɗaki, inda muka ɗauka barci yake yi. Ya ce Balaraba ta dawo masa da butar.

Mun yi wata biyu muna shiri. An yi mana allurar rigakafi sau biyu, muka jira kwanakin da likita ya ce. Na sami gida mai ɗaki biyu da baranda ta hannun wani tsohon abokin jami'a, don kada mu sauka a otal. Na shirya motar da za ta ɗauke mu mu kaɗai daga filin jirgi. Yaya ta ɗinka takunkumi goma sha biyu, ta haɗa mana kilishi da garin kunu da shayi. Ni kuma na rubuta ƙa'idoji a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, na karanta wa Baba: ba musafaha, ba shiga taro, ba cire takunkumi a gaban baƙo, sallah a masauki, kowa da ɗakinsa da kwanonsa, taku bakwai tsakaninmu da kowa. Ya ce rabin wannan ai tarbiyya ce. Gaskiya ya faɗa. Tun da na yi wayo ban taɓa zama a tabarmarsa ba, ban taɓa sa hannu a kwanonsa yana ci ba. Kunya ta riga likitoci kafa tazara tsakanina da shi.

Ranar gwaji, da ma'aikaciyar ta zura masa tsinken auduga a hanci, ya yi hawaye ya yi atishawa, sannan ya gaya mata da Larabcin gari cewa ya yi shekara sittin yana fiɗa amma bai taɓa shiga hancin saniya haka ba. Takardunmu suka fito lafiya.

A jirgi na ba shi kujerar taga. Ya ga inda kogin Shari da kogin Lagon suke haɗuwa, ya ga gadar da aka rufe ta zama kamar tsinken tsintsiya, ya nemi Farcha bai same ta ba. Bayan haka gajimare ya rufe kome. Duwala ta karɓe mu da wata iska mai laima wadda take manne wa fata kamar jiƙaƙƙiyar riga. A mota na sa aka buɗe dukan tagogi, yayyafi yana shigowa. Hanya ta kutsa cikin kurmi, bishiya a kan bishiya, wasu sun fi hasumiyar masallacin unguwarmu tsawo, kore iri-iri da ban san Hausa tana da sunayensu ba. Baba ya yi tafiyar sa'a guda yana kallonsu. Sannan ya tambaye ni, ta cikin takunkumi, wa ya shuka waɗannan duka. Na ce ba kowa. Ya jinjina kai, ya ci gaba da kallo.

Tekun mun fara jin sa ne kafin mu gan shi. Wani ruri ne mai nauyi da yake zuwa ya koma, kamar numfashin garke mai yawa a zango. Muka ajiye kaya, Baba ya ƙi zama, ya ɗauki butar. Muka bi wata 'yar hanya tsakanin itatuwan kwakwa, sai ƙasa ta ƙare.

Na san lambobinsa duka. Ba su yi mini amfanin kome ba. A garinmu Shari ma bahar, wato teku, muke ce masa, amma Shari yana da ƙetare, kana hango mutanen Kamaru suna wanki. Wannan ba shi da ƙetare. Ruwa ne launin toka ya tafi har ya haɗu da sama mai launin toka, ba ka iya nuna inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara. Igiyar ruwa tana tasowa ta kai tsawon mutum, ta naɗe, ta fashe da fari, ta rarrafo har gaban ƙafafunmu, ta koma tana jan yashi, wata ta biyo, ba wanda yake tura su, ba kuma alamar gajiya. Na tuna da shuɗin allina, kunya ta kama ni.

Baba ya cire takalmi ya isa inda yashi yake jiƙe. Ya tsaya yana fuskantar ruwan, butar a ƙirjinsa, leɓunansa suna motsi. A nan wata damuwa ta kama ni. Wannan ba tekun Kaka ba ne. Bahar Maliya tana gabas, wannan yana yamma, kuma wanda ya fuskance shi ya ba Makka baya. Tun a Injamena na kasa faɗa masa wannan a fili. Na tsaya taku bakwai daga gare shi ina auna ko shiruna ha'inci ne.

Shi ya juyo. "Na san ba shi ba ne, Habu. Ga rana can tana shirin faɗawa cikinsa. Mahauci ne ni, ba makaho ba. Abu ɗaya zan tambaye ka, kai da ka karanta. Wannan ruwan yana haɗuwa da wancan?"

Na ce yana haɗuwa. Na durƙusa na zana masa a yashi da yatsa: yadda ruwan yake gangarawa kudu, ya zagaye ƙarshen ƙasar baƙar fata, ya hauro gabas, ya shiga ta wata 'yar ƙofa ya zama Bahar Maliya, har ya taɓa Jidda. Ba katanga a tsakani, ba gada, ba mai tambayar takarda. A duk shekarun koyarwata ban taɓa faɗin abin da na san gaskiya ne kamar wannan ba.

Ya jira igiyar ruwa ta zo, ya cika butar. Ya tsuguna ya yi alwala a tsanake, gishiri yana sa shi runtse ido. Sannan ya ba tekun baya, ya fuskanci alƙibla ta wajen itatuwan kwakwa, ya ta da la'asar. Na bi shi. Ruwan yana ruri a bayanmu har muka sallame.

Kwana huɗun da suka biyo baya su ne hutun. Baba ya dawo da cin abinci. A bakin hanyarmu akwai wani mai tsire, Malam Buba, mutumin Garwa mai jin Hausa. Baba ya tsaya daga nesa ya dubi namansa, ya gaya masa wannan saniyar ta sha tafiya kuma an yanka ta da ƙishi, ya ƙara da cewa wanda ya yanyanka naman yana gaba da jijiya. Malam Buba ya ce ashe yau sarkin fawa ya sauka a garin, ya roƙi a duba masa wuƙarsa. Daga ranar kullum sai sun yi hira, tebur a tsakaninsu. Ni ne mai shiga kasuwa da kantin magani, ni ne mai wanke duk abin da ya shigo gidan da sabulu, har ledar burodi.

A safiya ta biyar na fito daga wanka ban ga Baba ba. Na same shi a bakin ruwa. Masunta sun jefa wata doguwar koma tun asuba, suna jawo ta daga tudu, mutum kusan talatin a kan igiya ɗaya, maza da mata, suna waƙa da harshensu, suna ja da baya taku ɗaya a kowace gaɓa. A tsakiyarsu ga Baba, ya naɗe hannun riga, takunkumi a haɓa, kafaɗarsa tana gogar ta wani ƙato, yana amsa waƙar da bai san ma'anarta ba. Yana dariya. Rabon da in ga haƙoransa tun kafin annobar.

Na janye shi daga igiyar a gaban mutane. Na ɗaga masa murya, abin da ban taɓa yi ba. Na ambaci Yaya, na ambaci shekarunsa, na ce ya rushe shirin wata biyu saboda kifin da ba nasa ba. Ya bar ni na gama. Ya ce ya ga igiya tana neman hannu ne, kuma a Farcha in sa ya faɗi ba a tambayar na wane ne kafin a kama. Ya miƙo hannuwansa na zuba masa sabulu kamar yaro. Ya ja takunkumin ya rufe hanci, bai sake yi mini magana ba har yamma.

Bayan kwana biyu muka je gwajin komawa. Na kwana ina sauraron numfashinsa ta bango, na wayi gari na tabbata za a ce ya kamu. Da sakamako ya fito, nasa lafiya. Nawa ne ba lafiya ba.

Na karanta takardar sau uku a tsaye. Ban san inda na ɗauko cutar ba. Ina zargin wani kanti mai cunkoso inda na sauke takunkumi don mai kantin ya ji Faransancina, amma zargi ne kawai. Abin da na sani shi ne, duk kwanakin da nake tsare Baba daga masunta da direbobi da mai tsire, haɗarin yana kwana a ɗakin da ke jikin nasa, yana zuba masa shayi. Likitan ya ce in killace kaina kwana goma, a sake gwada tsohon bayan kwana biyar, in ya fara tari ko numfashi ya yi masa wuya a kawo shi nan take. Na kira Yaya. Na gaya mata sakamakon. Sannan ta ce in ba ta Baba, na ce ba zan iya miƙa masa wayar ba. A nan ta fashe da kuka.

Ruwa ya sauka a ranar, bai ɗauke sosai ba har mako. Ba irin namu ba ne mai zuwa da fushi ya wuce. Wannan yana zuba ne a hankali, yini guda, har gishiri ya narke a kwano, ashana ta ƙi kamawa, tabarma ta yi funfuna. Zazzaɓi ya kama ni a rana ta biyu, gaɓoɓina suka yi nauyi. A ta uku na kai sabulu hanci ban ji kome ba. Kilishin Yaya ya koma kamar fata a bakina.

Baba ya karɓi takardar ƙa'idojina ya zama mai tsaronta. Ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ƙarshen baranda. Malam Buba yana ajiye abinci a bakin ƙofar gida, Baba ya raba, ya ɗora nawa a kan kujera gaban ɗakina, ya ƙwanƙwasa da sanda, ya ja da baya yana ƙirga taku bakwai da ƙarfi don in ji. In na buɗe kafin ya kai bakwai sai ya ce in koma, malam bai san ƙa'ida ba. Sau uku a yini yana dafa mini shayi ya matse lemun tsami a ciki, daga wata bishiya da ke bayan gidan. Ban taɓa ganin ya hura wuta ba sai a wannan makon. Ni kuwa aikina ɗaya ne, in zauna a taga ina ƙirga tarinsa. In ya gyara murya sai zuciyata ta tsinke. Na yi ta tsara yadda zan tsaya a gaban Yaya, da kalmomin da zan fara da su, ban sami ko ɗaya ba.

Wata safiya na roƙe shi gafara ta taga, a kan maganar igiya da kuma a kan kawo shi. Yana zaune yana tsince 'ya'yan lemun daga ɓawon da ya matse, yana jera su a kan hankicinsa.

"Wanda ya ɗaga mini murya tsoro ne, ba kai ba," ya ce. "Kawo ni kuwa, in Allah ya ɗauke ni a nan, ka gaya wa Balaraba na fi ubana yin nisa."

Na tambaye shi me zai yi da 'ya'yan lemun. Ya ce mara lafiya ba ya bincike.

A rana ta biyar Malam Buba ya raka shi gwaji, suna tafe taku bakwai a tsakaninsu kamar masu gaba. Washegari da hantsi na hango su suna dawowa cikin yayyafi, Malam Buba yana ɗaga takardar sakamakon sama tun daga nesa, alamar ta fito lafiya. Na zame na zauna a ƙasan ɗakin, na daɗe ban tashi ba. Ko allurar ce ta tsare shi, ko tagogin da muka bari a buɗe, ko tsohuwar kunyar da ta hana ni matsawa kusa da shi, ko duka, Allah ne masani. A rana ta takwas na ɗauki kofin shayi daga kan kujera, sai ƙamshin lemun ya bugi hancina, mai kaifi, kamar an buɗe ƙofa a ɗaki mai duhu. Na tsaya ina shaƙa har shayin ya huce.

Mun dawo Injamena a ƙarshen damina, Shari ya cika ya tumbatsa, unguwanni da dama suna cikin ruwa. Aka ce mu zauna a gida kwana bakwai, na zauna a Farcha don kada in kai wa yarana kome. Maƙwabta suna yi mana barka da dawowa ta kan katanga, Yaya tana miƙa musu tsarabar busasshen kifi a bakin ƙofa. Ni ba ta yi mini magana ba sai a kwana na uku, shi ma cewa ta yi na rame kamar saniyar fari.

A safiyar kwana na huɗu, bayan an kwana ana ruwa, Baba ya fito da tsohuwar wuƙar fiɗarsa da hankicin nan a ƙulle. Ya auna tsakiyar gidan da ido, ya tsuguna kusa da inda randa take a da, ya fara tono. Yaya ta fito daga madafi da muciya a hannu ta tsaya.

"Baba, bishiya fa ce."

"Na sani."

"To, maganar Kaka?"

Ya zuba 'ya'yan a ramin, ya rufe da tafin hannu. Ya ce in ɗauko masa butar, in cika ta a famfo. Ya karɓa ya shayar da wurin da ita.

"Ya ce damina ɗaya zai yi," ya ce. "Kalas. Ta ƙare."

Uku suka tsiro, ɗaya ya rayu. Yaya ta kewaye shi da ƙaya saboda awaki, kuma duk da ita ce ta fi kowa adawa da tafiyar, ita ta raine shi a bazara huɗu da ruwan wanke-wanke. Da aka sake buɗe hanyar Makka ga tsofaffi, gwiwoyin Baba sun riga sun ƙi. Ya ce ni in shirya in tafi da butar, in kuma dawo da ita, domin ana bukatarta a gida. Har yanzu nakan tambayi kaina ko na yi daidai da na ɗora shi a jirgin nan. Da takardar rana ta biyar ta fito da wani abu dabam, da wannan labarin ba ni da bakin ba da shi. Ban sami amsar da ta kwantar mini da hankali ba, kuma na daina sa ran samu.

Ranar Talatar nan, ina murza ganyen, na hango wani abu a ƙarƙashin reshe: lemo ɗaya, kore, bai fi ƙwan zabo ba, ruwa yana ɗiga daga gindinsa. Shi ne na farko. Na tsinke shi na kai wa Baba a ɗaki, na durƙusa daga bakin tabarma na miƙa. Idonsa ya yi rauni yanzu, sai ya juya shi a yatsu, ya karce ɓawon da farce, ya kai hanci ya daɗe. Ya ce na yi gaggawa, da na bar shi ya ƙara mako biyu. Sannan ya ɗaga murya ya ce Balaraba ta ɗora shayi, ta kawo kofi uku.